Duna Ya Dawo, Goggo Ba Ta Nan

Bazarar nan da muke ciki ta cika shekara huɗu da rasuwar Goggo Adama, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ban san kaina ba. Waɗanda suka daɗe a Kagarawal za su fi gane ta in na ce Goggon Jakai. Da tsokana aka fara kiranta haka, ita kuma ta amsa, sunan ya zauna. Shekarun baya in lokacin ya zagayo, sadakar ƙosai nake yi wa yaran layinmu, in yi mata addu'a, in yi shiru. Bana na kasa shirun. Akwai wani tsohon jaki da yake tsaye a filinta yanzu haka, kuma ban san inda zan kai shi ba.

Bari in fara da yadda abin ya samo asali, saboda wanda bai taɓa zuwa wurin ba. A ruga aka haifi Goggo, a ruga ta yi aure. Da shanun gidansu suka ƙare, wasu da ciwo wasu da sayarwa, mijinta kuma ya rasu, sai ta shigo Gombe da ƙwaryar nono a ka. Ba ta haihu ba, ni aka ba ta. Ta saba da komai na birni, ban da ganin dabba a yashe. Takan ce a ruga ko saniya ta karye ba a tashi a bar ta, amma a nan jaki zai faɗi a bakin kwari da miki a baya, mutane su riƙa kewaye shi kamar tulin shara. Da kyanwa biyu ta fara, waɗanda wani ya ɗaure a buhu ya jefar a bola. Sai akuya mai karyayyar ƙafa. Kafin a ankara tsakar gidan hayarmu ta cika, masu gida suka ce mu zaɓa, ko ɗakin ko dabbobin.

Wani dattijo da take kai wa nono ne ya ara mata fili a ƙarshen unguwar Kagarawal. A lokacin daga wurin sai gonaki. Aka yi shinge da kara, aka kafa rumfa biyu kusa da wata darbejiya. Sai Allah ya haɗa ta da Baba Yohanna, mutumin wajen Kaltungo, wanda ya yi ritaya daga asibitin dabbobi. Ya zo wucewa a kan tsohon babur ɗinsa ya ga tana wanke wa jaki miki da ruwan gishiri, ya tsaya ya leƙa, washegari ya dawo da akwatin magani. Su biyun ne suka jawo sauran, wasu malaman makaranta, matan unguwa, da Malam Iro mahauci, har abin ya zama ƙungiya. Babu mai albashi a ciki. Mai dusa ya kawo dusa, mai harawa ya kawo harawa, Malam Iro yana aiko wa kyanwoyi da karnuka ragowar da ba ta sayuwa. Garken Goggo, haka kowa yake kiran wurin, kuma dokarsa ta farko ita ce ba a sayen dabba a can, ba a sayarwa.

Akuyar da ta ɓata, sai a riƙe ta, a yi cigiya a masallaci ranar Juma'a, a coci ranar Lahadi, har mai ita ya zo ya faɗi alamarta. Karnukan unguwa kuwa duk shekara ana yi musu allurar rigakafin hauka, Baba Yohanna a zaune kan benci da sirinji, masu karnuka sun yi layi kowa na fama da igiyarsa. Kyanwoyin da suka warke a raba wa masu shagunan hatsi da ɓera ya dama. Amma jakai ne suka fi yawa. Masu ɗibar yashi da ruwa sukan shafa wa mikin bayan jaki baƙin man inji, wai yana korar ƙuda. Goggo in ta ga haka sai ta tare mutum ta ce, "Kai Malam, in ka yi gyambo haka matarka take shafa maka?" Ya yi dariya, ya bar jakin. Ta wanke, Baba ya sa magani, a hana shi kaya sai fata ta haɗe.

Abu ɗaya Goggo ta taho da shi daga ruga, shi ne dangwalin babanta. Wanda ya taɓa zuwa ruga ya san shi, doguwar igiyar nan da ake kafawa tsakanin turke biyu, da madaukai a jere, kowane maraƙi da nasa. Ta kafa shi a ƙarƙashin babbar rumfar. Duk babbar dabbar da ta shigo sai a ba ta madauki. In ta warke kuma mai ita bai zo ba, sai a ba wani mai buƙata kiwonta, ya yi aiki da ita, ba ya biyan komai. Amma madaukinta ba a ba wata. Haka zai zauna babu kowa a ciki, sai ranar da aka ji dabbar ta mutu. Goggo takan kama hannun mutumin ta ɗora a kan madaukin ta ce, "Ka ga wurinsa. Ranar da ka gaji, ko ya tsufa, ko ka rasa abin ba shi, ka dawo da shi. Ba wanda zai tambaye ka dalili. Kada dai ka sayar, kada ka yar."

In sabuwar dabba ta zo, sai ta zauna ta tufka igiya ta ƙara wa dangwalin tsawo. Baba Yohanna yakan riƙe ƙugu ya ce, "Goggo, wannan igiyar taki wata rana sai ta kai garin Dadin Kowa." Ita kuma ta ce, "To ta kai mana, Likita. Ka ji an ce igiya ta ƙare a kasuwa?" A lokacin dariya kawai nake yi. Sai yanzu na ga inda matsalar take. Goggo ta yi alkawari irin na mutanen da suka tashi a daji, inda in wuri ya yi kaɗan sai a matsa gaba. Ba ta taɓa sa wa ranta cewa ƙasa ma tana ƙarewa ba, ko cewa wadda take tsaye a kai aro ce.

Duna baƙin jaki ne, daga nan ya sami sunan. Ina budurwa aka kawo shi a cikin amalanke. Mota ta buge shi a ƙafar baya, gadon bayansa kuma ya ɗaye tun daga kafaɗa, har da tsutsa. Baba Yohanna ya duba ya ce zai gwada, amma kada a sa rai. Goggo ta zagaya masa tsohon zane a ciki aka rataye a jikin rumfa, don kada ya kwanta ya kasa tashi. Ni ce mai kore masa ƙuda da reshen darbejiya. Damina guda muka yi a kansa. Da ya warke, wurin mikin ya fito da farin gashi, kamar an barbaɗa masa gari a baya. Aka ba Malam Sale kiwonsa, wani mai sayar da ruwa a Nasarawo, mutum mai haƙuri. Ranar da za su tafi Goggo ta bi su har bakin hanya tana ta jero masa umarni, Malam Sale yana cewa, "To Goggo, to Goggo," har suka sha kwana.

Ni ba irin Goggo ba ce. Tsoro gare ni. Tun da na haifi Ummi, wadda aka sa wa sunanta, komai na kalla sai in ga cuta a jikinsa. In muka je garken hannun yarinyar yana cikin nawa, in mun dawo gida in tuɓe ta in bi jikinta ina neman kaska. Goggo takan harare ni ta ce, "Ɓingel am, sake ta ta taka ƙasa. Gilashi kika haifa?" Ɓingel am wato ɗiyata, haka take kirana har bayan na yi aure. Da ajalin Goggo ya zo, zazzaɓi ta yi na 'yan kwanaki. Ranar da maigidana ya ɗauke ta a kekensa na ɗaukar fasinja za mu asibiti, kanta yana kan kafaɗata, abin da take ta faɗa mini shi ne wace akuya ce ba a ba ruwa ba, wane kare ne ba a kwance shi kusa da kaji. Ba ta dawo ba.

Ƙungiyar ba ta watse nan take ba. Baba Yohanna ya riƙe wurin har sai da ɓarin jikinsa ya shanye, 'ya'yansa suka zo suka mayar da shi gida. Malaman makaranta aka yi ta yi musu canjin wurin aiki. Aka bar mu ni da Malam Iro da wasu mata biyu, kowa da nasa nauyin. Gari kuma ya zo ya same mu. Gonakin nan duk sun zama gidaje masu ƙofar ƙarfe, sababbin maƙwabta suna ƙorafin wari da haushin kare, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da ƙananan yara nake. Bara dattijon da ya ara filin ya rasu, aka raba gado, wurin ya faɗo wa wani ɗansa da yake zaune a haya da iyalinsa. Ya zo har gida ya gaishe ni, ya yi wa Goggo addu'a, ya ce yana so ya fara gini kafin ruwa ya sauka. Me zan ce masa? Filinsa ne. Muka raba kyanwoyi, manoma suka karɓi karnuka, awaki suka tafi hannun matan unguwa. Na ɗauka an gama. Dangwalin ne kawai na kasa kwancewa, kullum sai in ce gobe.

Ina yawan tambayar kaina abin da za ta ce da ta ga Gomben yau. Keken ɗaukar kaya da tankar ruwa sun karɓe aikin jakai, ba ka cika ganin jaki da miki a titi ba. Wata rana sai in ce za ta yi murna. Wata rana kuma in ce a'a, tambaya za ta yi, ina suka tafi? Don na sha ganin babbar mota ta wuce da jakai a cunkushe, kawunansu a kan bayan juna, an nufi kudu da su. Kowa ya san ba noma za su je yi ba, fatarsu ake so. Na san Goggo, tsakiyar titi za ta shiga ta ɗaga hannu. Ni kuwa bakin zanena nake sa wa Ummi a ido har motar ta wuce.

Ana cikin haka, wata safiya a watan jiya aka yi sallama a ƙofar gidan da muke haya a Tudun Wada. Na fito da goyo na ga Malam Sale, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga sosai. A bayansa ga Duna. Shi ma ya tsufa, leɓensa na ƙasa ya saki, ido ɗaya ya yi fari.

"Maman Ummi, na dawo da amanar Goggo."

Na ce, "Malam, ai an tashi garken."

"Na biya na gani. Amma wurinsa yana nan, na duba da idona. Ta ce ba za a tambaye ni dalili ba."

Ban tambaye shi ba. Shi ne da kansa, bayan ya sha ruwa, ya ce 'yarsa za ta ɗauke shi zuwa ƙauye ya yi jinya, kuma masu sayen jakai sun yi ta zuwa ƙofarsa, 'ya'yansa maza har sun fara jin haushinsa don ya ƙi sayarwa. Da ƙafa ya taho daga Nasarawo, yana tafiya yana zama, don kada a wayi gari ya ga an rabu da jakin ba da saninsa ba. Ya miƙo mini igiyar da hannu biyu. Muka jawo Duna har Kagarawal. Muna shiga na sake shi in ga abin da zai yi. Ya wuce komin ruwa, ya wuce darbejiya, ya shiga rumfa ya tsaya daidai madaukinsa, bayan duk shekarun nan.

Tun ranar ban huta ba. Na fara da matar mai gidanmu, ko za a bar shi a bayan banɗaki inda ake tara itace. Ta ce, "Jaki? A gidan nan? Maman Ummi, kin manta rigimar da aka yi a kan kaza?" Maigidana, Allah ya saka masa, in ya sami fasinjan ƙauye sai ya tsaya ya yi cigiya. Mutum biyu sun biyo shi sun zo, suka buɗe bakin Duna suka duba haƙora, suka ɗaga ƙafar bayan, suka yi godiya suka tafi. Mai aiki suke nema, ba mai ci ba. Danginmu na ruga sun yi nisa, lambar da nake da ita ta daina shiga. Na kira Baba Yohanna. Maganarsa ba ta fita sosai yanzu, amma na ji ya ce, "Ki kawo shi, ki kawo shi." Sai 'yarsa ta karɓi wayar ta fita waje ta rage murya ta ce, "Anti, ki yi haƙuri. Baba kansa ma ɗaukarsa muke yi."

Mai sayen jakai bai daɗe ba ya gano mu. Ba mugun mutum ba ne a ido, da farar riga ya zo, ya gaishe ni da ladabi, ya yi wa na goye wasa. Ya ce, "Hajiya, ki hutar da kanki. Wannan ai ya gama aikinsa a duniya." Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya yi murmushi ya ce zai riƙa leƙowa, kuma yana leƙowar.

Maganar Malam Iro ce ta fi tsaya mini a rai. Ya ce mu sayar, a sayi allurar karnuka da abin da aka samu, a nemi wani malamin dabbobi ya yi. Tun tafiyar Baba ba a yi wa karen unguwar allura ba, ga yara suna yawo ba takalmi. Ya san inda ya taɓa. Ni ce fa wadda in na hango kare daga nesa nake ɗaukar Ummi cak, da girmanta. Na ce Goggo ta ce kada a sayar. Ya ce, "Goggo ta ce, na ji. To Goggo ta bar mana fili?" Ba da faɗa ya faɗa ba. Mutumin nan shekara da shekaru yana ciyar da kyanwoyinta. Na koma gida ina ta juya maganar, har na ƙona miya. Har yau ban iya cewa ya yi kuskure ba.

Makon jiya aka sauke bulo da yashi. Aka kwance rumfuna, aka naɗe mini dangwalin aka sa a buhu. Duna ya koma gindin darbejiya. Ina tsaye ina kallon ana auna harsashi, sai shugaban maginan ya matso ya ce, "Maman yara, wannan dattijon naki yana iya ɗaukar jarka?" Ashe ruwa ne matsalarsu, famfon burtsatse yana can ƙarshen layi. Ya ce in jakin zai riƙa kawo musu ruwa, zai roƙi mai filin a bar masa gindin bishiyar har a yi rufi a sa ƙofa. Na ce masa a garken nan jakin da ya kai waɗannan shekarun ba a ɗora masa kaya, ko buhun ƙaiƙayi ne. Ya ce, "To ki zaɓa masa, ni dai na faɗi iyakar abin da zan iya."

Na amsa. Na zauna na ɗinka masa akumari, wato matashin da ake shimfiɗa wa jaki kafin kaya, irin yadda Goggo ta koya mini: buhu biyu, a cusa tsumma a gefe da gefe, a bar rami a tsakiya don kada komai ya taɓa ƙashin baya. Tsofaffin zannuwana na yayyaga, da rigunan da suka yi wa Ummi kaɗan. Ina ɗinkin ina jin kamar tana tsaye a kaina, kuma ban san ko cewa za ta yi ɗinkin ya yi kyau, ko fizge allurar za ta yi daga hannuna ba. Yanzu kullum da la'asar nake shiga keke in je. In ɗaga akumarin, in bi farin gashin nan da tafin hannu ina neman inda ya yi zafi. Jiya na ji wuri ɗaya ya ɗan yi ɗumi kusa da kafaɗa. Na roƙi maginan su bar shi ya huta yau, suka ce to, amma na ga yadda suka kalli juna.

In aka ce in faɗi abin da ya rage na Goggo, ba ni da gini da zan nuna, ba ni da allo mai sunanta. Akwai dai masu jakai da suka daina shafa baƙin mai. Akwai dattijo mai kumburarrun ƙafafu da ya ratsa gari da ƙafa saboda wata mata da ta rasu ta taɓa ɗora hannunsa a kan igiya. Maganarta ta fi ta daɗewa, ta fi filin daɗewa, ta zo ta sauka a kaina, ni da ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa a garin nan. Allah ya jiƙanki Goggo, ya shayar da ke kamar yadda kika shayar da marasa baki.

Ku kuma masu karatu, in akwai mai kusurwar gona da inuwa, wanda zai iya kallon jaki yana ci ba ya aiki ransa bai ɓaci ba, ya zo Kagarawal ya tambayi garken Goggo, tsofaffin unguwa za su nuna masa. Ginin ya kai gwiwa. Maginan sun ce in kaya ba su yanke ba, ba za su daɗe ba su kai linta, wato saman ƙofa. Allah ya yafe mini, ina jin ni kaɗai ce a Gombe da in aka ce siminti ya ƙara tsada nake yin hamdala.